Wa Ya Kashe Bijimin Murja?

Tun shekarar da albasa ta yi kuɗi Isiyaku ya sayo talabijin da farantin sola ya kafa a ɗakinsa, daga nan noma ya koma masa aikin wucin gadi. A ƙauyensu da ke bakin babbar kanal tsakanin Kura da Bunkure, kowa abin da ya dame shi ranar ruwansa da farashin kwandon tumatir, shi kuwa abin da ya dame shi wa ya kashe wa. Akwai wani shirin Turawa da ake juyawa da Hausa, kowane mako a tsinci gawa, wani mai doguwar riga ya zo ya yi ta tambaye-tambaye har ya kamo mai laifi. Isiyaku ya kalli kashi tamanin da wani abu, wasu sau uku-uku, har ya kai yana cewa shi ba kallo yake yi ba, karatu yake yi.

“Abin duk ƙa'ida ne,” haka yake gaya wa mutane a teburin mai shayi. “Wanda aka fara zargi, ba shi ba ne. Wanda ya tsinci gawa, kada ka bari ya tafi gida. Babbar hujja kuma ba a nuna ta sai ƙarshe, bayan an tara kowa. Ni kafin a je talla ta biyu na gama sanin mai kisa. Abu ɗaya ne ya cuce ni, garin nan ba a kashe kowa.”

“Allah ya ƙara cutar ka,” in ji Baba Hammadu, dattijon da ke riƙe da makullin ƙofar ruwa ta yankinsu.

To, matar Isiyaku, Murja, turara shinkafa take yi a rumfar wata mata, a biya ta ladan wuni. Wata goma sha ɗaya tana kiwon wani farin bijimi da dusa da harawa, ta hana kanta sabon zane ta hana kanta kwalliya, don ta sayar da shi gab da Sallah ta sayi tukwanenta ta kafa rumfar kanta. Duk abin da ta mallaka a duniya yana tsaye ne a kan ƙafafu huɗun nan. Ranar wata Talata ta yi sammakon kai shinkafa inji a Kura, ta bar wa mijinta aiki ɗaya tal: ya dama wa bijimin dusa a daronsa, ya ɗaure shi a gindin mangwaron bakin gona.

Da hantsi Ɗanladi mahauci ya zo wucewa a kan babur, ya hango bijimin kwance, ciki ya kumbura tim, baki na kumfa. Ya ƙwala kira, manoma suka bar aiki suka taho. Isiyaku ya iso ya tsaya a kan dabbar, kuma Allah ya gani, ba baƙin ciki ne ya fara zuwa masa ba. Wani daɗi ne ya taso masa tun daga tafin ƙafa.

“Kada wanda ya taɓa komai,” ya ce, ya juya da gudu ya yi gida.

Mutane suka ɗauka wuƙa ya tafi ɗaukowa. Sai ga shi ya dawo sanye da doguwar rigar ruwa ruwan ɗorawa wadda yake feshi da ita, a wannan zafi na watan Maris, hannu ɗaya da igiya, ɗaya da ƙwaryar toka. Ya kewaye gindin mangwaron da igiya, ya tsuguna ya fara zana siffar bijimin a ƙasa da toka. Yana zuwa wajen ƙafar baya, bijimin ya kai masa shuri a cinya, ƙwaryar ta yi sama, tokar ta dawo masa a ka.

“Isiyaku, gawar taka ta shure ka,” in ji Ɗanladi.

“Zai mutu ai. Gara a fara bincike da wuri. Su na talabijin matsalarsu kenan, sai an mutu suke zuwa.”

“Ni ka ba ni izini in yanka. In ya cika a haka mushe ne, ko fata ba za ku mora ba. In na yanka yanzu, Murja za ta tsira da rabin wahalarta.”

Kowa a wurin ya san gaskiya mahaucin ya faɗa, kowa kuma ya san ba a sa wa dabbar mutum wuƙa sai da izinin mai ita ko na mijinta. Mai ita tana Kura. Mijinta kuwa ya karkaɗe toka daga gira, ya ƙanƙance ido, ya zagaya Ɗanladi sau biyu.

“Kai ka fara ganin sa?”

“Ni ne.”

“Kuma da wuƙa a jikinka.”

“Mahauci ne ni, da carbi zan yi yawo?”

“Kuma in an yanka, kai za ka sayi naman da araha. Ka tsinci gawa, kana da makami, kana da riba. Kawo wuƙar.”

Ɗanladi ya miƙa masa ita da niyyar ya ga gudun ruwansa. Isiyaku bai tsaya nan ba. Ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya ya karɓe lauje biyu da adda ɗaya, har da 'yar askar da wani yake yanke farce da ita, ya zuba a buhu ya ɗaure. Ya ce kowa ya juya baya. Ya lallaɓa ya cusa buhun cikin kwalbatin da ƙaramar hanyar ruwa ke bi ta ƙarƙashin titi, wanda a lokacin yake bushe ƙayau, ya dawo yana murmushin wanda ya yi dabara.

Daga nan ya ɗaga daron dusar ya leƙa. Ya ga wani farin abu ya daskare a gindinsa. Ya kankare shi da farce ya ƙulle a hankici ya sa a aljihu, ya kife daron ya zauna a kai.

“Me ka gani?” in ji Baba Hammadu.

“Sai ƙarshe, Baba. Amma kai na naɗa ka mataimakina. Kowane mai bincike yana da mataimaki, mutumin kirki wanda ba ya saurin fahimta, shi yake yin tambaya don masu kallo su gane.”

“Na gode da wannan girma,” in ji dattijon. Ya koma gefe ya ciro wayarsa ya kira malamin dabbobi, sannan ya kira Murja ya ce ta bar shinkafa ta hau babur yanzu-yanzu.

Kafin su iso, Isiyaku ya gano sawun takalmi a kusa da turke. Ya tsinke kara ya auna tsawonsa, ya bi ƙafafun jama'a yana gwadawa. Na wannan ya yi tsawo, na wancan ya yi gajere. Mudassiru, maƙwabcinsa na gona, ya ce ya gwada nasa mana. Ya gwada, karan ya zauna daidai kamar don shi aka yanke shi.

“Kun gani ko?” in ji Isiyaku. “Mai kisan ba ƙaramin shu'umi ba ne. Takalmi irin nawa ya saya don ya ɓatar da ni. Kai kuma Mudassiru, tunda ka yi magana, bara ba mun yi faɗa a kan ruwa ba? Ba ka ce sai ka nuna min ba?”

“Na ce. Na kuma nuna maka, na toshe maka ruwa kwana biyu. Me ya haɗa ni da san matarka?”

“Kai ne babban abin zargi.”

Mudassiru ya fara naɗe hannun riga.

“Kwantar da hankalinka,” in ji Isiyaku. “Tunda kai ne babban abin zargi, ba kai ba ne. Irinku ana sa ku ne don a cika lokaci.”

“Ni ne na cika lokaci?” Mudassiru ya fi jin zafin wannan a kan zargin, sai da mutum biyu suka riƙe shi.

Ana haka Malam Hananiya ya iso da jakarsa. Mutumin Filato ne, ya shekara goma sha biyar yana duba dabbobin yankin, ba ya son dogon zance. Ya tsallake igiyar ba tare da ya kalle ta ba, ya ƙwanƙwasa cikin bijimin, ya buɗe bakinsa, ya duba ido.

“Me ya ci?”

“Wannan tambayar ni nake yin ta, Likita.”

“Malam Isiyaku, kumburi iri-iri ne, kowanne da maganinsa. In na ɗura masa wanda ba shi ba, ni zan ƙarasa shi. Ina abin da ya ci a ciki?”

Isiyaku ya gyara zama a kan daron. “Me ya sa kake son ganin sa? Don ka goge shaida?”

“Don in ceci san matarka.”

“A kashi tamanin da na gani, sau goma sha ɗaya likita ne. Mutum mai fara'a, kowa ya yarda da shi, ya san magunguna. Ina kake jiya da la'asar?”

“Ina Garun Malam ina ciro wa akuya 'ya'ya. Kana so in kawo ta ta yi shaida?”

Hananiya ya yi abin da zai iya a makance. Ya sa aka tayar da gaban bijimin, ya zura masa roba ta baki iska ta ɗan fita, ya sake tambaya sau uku, sau uku Isiyaku yana cewa sai ƙarshe. Zufa tana bin rigar ruwan tana ɗiga ta ƙasa, toka ta dame masa a fuska, amma ko maɓalli ɗaya ya ƙi ɓallewa. Numfashin bijimin kuwa sai ƙara gajarta yake yi.

Sha biyu saura kaɗan Baba Hammadu ya duba agogo ya ce shi zai je ya buɗe ƙofar ruwa, yau ranar su Mudassiru ce, kuma ruwa ba ya jiran bincike.

“Ba mai barin wurin nan,” in ji Isiyaku, sannan ya yi tunani. “Amma kai mataimaki ne, ba a zargin mataimaki. Je ka dawo, kada ka rasa ƙarshen.”

Dattijon ya je ya dawo, kusan tare da babur ɗin da ya kawo Murja. Ta diro tun bai gama tsayawa ba, mayafinta duk ƙaiƙayi. Ta durƙusa ta rungumi kan bijimin, ta kira shi da sunan da take kiran sa in ba kowa, ya buɗe ido ya dube ta.  Ta ɗago ta ga mijinta.

“Baban Surayya, mene ne wannan a jikinka?”

“Kin zo a daidai. Kowa ya zauna a da'ira.”

“Likita, zai tashi?”

“In na san abin da ya ci,” in ji Hananiya. “Mijinki ya sani, ya ce sai ƙarshe.”

“To ga ƙarshen ya zo,” in ji Isiyaku, ya miƙe ya harɗe hannu a baya ya fara zagaye. “Jama'a, mai kisan yana cikinmu. Bari in mayar da ku baya, ku ɗauka hoton ya koma fari da baƙi. Wani mutum ya zo, ya san inda daron nan yake, bijimi ya san shi don bai yi kuka ba. Ya zuba guba, ya kawo dusa ya rufe. Da farko na zargi Ɗanladi.”

“Baban Surayya.”

“Sannan na zargi Mudassiru, sannan Likita. Amma mai kisa kullum yana yin kuskure ɗaya.”

“Wallahi in ba ka faɗi abin da ya ci ba, yau za a sami gawa ta gaske a garin nan,” in ji Murja.

Isiyaku ya ga dole ya tsallake wani sashe. Ya zaro hankicin, ya kwance shi a hankali, ya ɗaga sama. “Farar guba. Irin wannan ba a samun ta a ƙasar nan, daga waje ake shigo da ita.”

Mutane suka matso suka leƙa. Babu wanda ya kai daƙiƙa biyu yana kallo, don duk wanda ke wurin da wannan abin ya girma.

“Taki ne,” in ji Mudassiru.

“Yuriya ce,” in ji Baba Hammadu. Ya dangwala ya shinshina. “Ta jiƙe ta daskare.”

Hananiya ya dafe kai. “Da ka nuna min wannan tun zuwana, ruwan tsami kawai zan ɗura masa da ruwan sanyi, da yanzu ana maganar tashi. Wa yake zuba taki a daron dabba?”

“Tambayar kenan,” in ji Isiyaku, murya ta ɗan sauka. “Duk wanda ya ɗebi taki a daron nan, shi ne...”

Bai ƙarasa ba. Ya ga idanu sun taru a kansa.

“Jiya da la'asar,” in ji Mudassiru a hankali, yana jin daɗin kowace kalma, “na ga wani mutum ya wuce ta kan kunyar gonata da daron nan a ka, cike da taki, zai kai wa albasarsa. Har na ce masa ina bokitinka, ya ce ya fashe. Sauri yake yi, wai za a fara shiri.”

“Ni ma na gan shi,” in ji Ɗanladi. “Takalminsa irin naka ne.”

“Ka wanke daron da ka dawo?” in ji Murja.

Isiyaku ya buɗe baki. Ya tuna ya jefar da daron a bayan ɗaki da sauran taki a ciki ya shige kallo. Ya tuna da safe ya zuba ruwa da dusa a kai ya dama, idonsa na kan waya yana maimaita kashin jiya. 

Bijimin ya miƙe ƙafafu ya fara karkarwa. Hananiya ya taɓa wuyansa ya ce magani ya wuce, in za a yanka a yanka yanzu.

“Ɗanladi, yanka,” in ji Murja, hawaye na zuba. “Ni mai shi na ce ka yanka.”

“Wuƙata tana wajen mai bincike.”

Aka dubi Isiyaku, Isiyaku ya dubi kwalbati. Ruwan da Baba Hammadu ya buɗe ya cika hanyar taf, yana shiga ta wannan baki yana fita ta wancan, ya tura buhun can tsakiyar titi inda hannu ba ya kaiwa. Duk wani abu mai kaifi da ke wurin yana cikin buhun nan. Mudassiru ya hau babur ya yi cikin gari neman wuƙa. Isiyaku kuwa ya faɗa ruwa ya cusa kai da kafaɗu cikin kwalbatin, rigar ruwan ta cika ta toshe bakin, ya kasa gaba ya kasa baya. Ruwa ya fara tumbatsa yana malala kan titi, ba a ganin komai nasa sai ƙafafu biyu suna harbin iska. Mutum huɗu suka kama suka ja, ya fito yana tari, hannunsa riƙe da tsohon takalmin roba na wani.

Kafin ya gama amayar da ruwan, bijimin ya ja numfashi ɗaya mai tsawo ya saki. Mudassiru ya dawo da wuƙar yanka albasa ta matarsa, ya tarar ba abin yankawa.

 Murja ta zare igiyar daga wuyan bijimin ta naɗe ta a hannu, ta share fuska da bakin mayafi. Wata goma sha ɗaya, da tukwane, da rumfa, duk suna kwance cikin zanen toka. Ta zo ta tsaya a kan mijinta, wanda ke zaune cikin taɓo.

“Baban Surayya, a shirin naku, in an gano mai kisa me yake yi?”

“Yakan amsa laifinsa,” in ji shi, kai a ƙasa. “A gaban kowa.”

“To ga kowa.”

Ya dubi Ɗanladi, ya dubi Hananiya, ya dubi Baba Hammadu. Kunya ta rufe shi, amma hali ba ya fita da ruwan kwalbati.

“Ni ne,” ya ce. “Amma don Allah ku shaida, ni na gano shi. Kuma a rana ɗaya.”

Baba Hammadu ya miƙa masa fartanya ya ce a matsayinsa na mataimaki marar saurin fahimta, abin da ya fahimta shi ne mushe ba ya kwana a bakin ruwan jama'a. Isiyaku ya yi ta haƙar ramin binne bijimin tun azahar har rana ta yi ja, babu wanda ya kama masa, sai masu wucewa da ke tsayawa su tambaye shi ko an je talla ta biyu.

Da ya dawo gida gab da magariba, hannu duk ya yi kanta, ya tarar da ɗakinsa wayam. Ya fito tsakar gida. Ga talabijin can a turken bijimin, Murja ta ɗaure ta da igiyar nan tamau, ta ajiye mata daron a gaba cike da dusa. Ita kuma tana zaune tana tsintar shinkafa.

“Murja, mene ne haka?”

“Kiwo,” ta ce, ba ta ɗago ba. “Kai ka ba ta shekara uku ba ta yi ƙiba ba. Ni zan ba ta zuwa ranar kasuwar Bunkure.”